Zancen aron hotunan sarakuna: yaushe Magemma zai zo ganin gida?

Ran 28 ga watan Oktoba na shekara ta 1924, motoci takwas na kamfanin Citroën, masu ƙafafun baya irin na katafila, suka tashi daga garin Kolom-Beshar na ƙasar Aljeriya da niyyar ratsa Afirka. Suka ƙetare hamada, suka sauko bakin kogin Kwara, suka iso Yamai wajen ƙarshen watan Nuwamba. Daga nan suka yi gabas, suka bi ta Maraɗi da Tasawa, suka shiga Damagaram a farkon Disamba, kamin su wuce tafkin Cadi. Tafiyar ba ta ƙare ba sai cikin watan Yuni na 1925, a tsibirin Madagaska. Faransawa sun raɗa mata suna Croisière noire. Manufarta ba ɓoyayya ba ce: tallar mota, da kuma nuna wa duniya faɗin ƙasashen da Faransa ke mulka a wancan zamani.

Cikin ayarin akwai mai ɗaukar silima, Léon Poirier, wanda ya ɗauki fadar Sarki Barmu na Tasawa har da matan gidansa. Akwai kuma wani mai zane ɗan asalin Rasha, Alekzandar Yakoblef, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Iacovleff. An haife shi a Petersburg cikin 1887, ya rasu a Paris cikin 1938. Aikinsa shi ne hoton hannu, wato ya zaunar da mutum gabansa, ya fitar da kamanninsa bisa takarda da jan alli da gawayi da alli mai launi, ba tare da injin hoto ba. Hannunsa na da sauri ƙwarai, don sau da yawa ba ya samun lokaci sai na zango. Ya koma Paris da zane wajen ɗari uku. Cikin 1926 aka nuna su a gidan nuni na Charpentier, cikin 1927 kuma aka buga hamsin daga cikinsu a wani babban kundi mai suna Dessins et peintures d'Afrique.

A cikin kundin nan akwai Sarkin Damagaram Barma Mustafa, wanda aka rubuta sunansa Barma-Mata. Akwai kuma wani jarumi da aka kira Magemma, aka ce shi ne shugaban mahayan Sarki Musa na Maraɗi. Yau an haura shekara ɗari da yin waɗannan hotuna. Mutanen Paris sun gan su, an kuma sake haɗa ayyukan mai zanen a wani nuni a Boulogne-Billancourt cikin 2004. Amma mutumin Gazawa, ko na Agye, ko na Gidan Rumji, wanda garinsa ke bisa babbar hanyar da ta haɗa ƙasar Gobir da Maraɗi da Tasawa, wanda kuma watakila kakansa na cikin mahayan da suka fito taryen motocin, in yana son ya ga ainihin takardar da aka zana, sai ya nemi fasfo da biza da kuɗin jirgi.

Maidowa daban, aro daban

Tun daga jawabin da shugaban Faransa Emmanuel Macron ya yi a Wagadugu cikin Nuwamba 2017, zancen maido da kayan tarihin Afirka bai kwanta ba. Cikin Nuwamba 2018 malamai biyu, Felwine Sarr da Bénédicte Savoy, suka miƙa rahoto inda suka ƙiyasta cewa kayan Afirka ta kudu da hamada wajen 90.000 ne ke cikin gidajen tarihin Faransa, 70.000 daga ciki a gida ɗaya tak, wato na Quai Branly. Cikin Nuwamba 2021 aka maida wa Jamhuriyar Benin kaya 26 na fadar Abome, waɗanda sojan Faransa suka kwasa cikin 1892, bayan da majalisar dokokin Faransa ta yi doka ta musamman cikin Disamba 2020. Jin wannan ya sa mutane da yawa suka ɗauka duk abin da ya shafi Afirka, in dai yana Turai, hanyarsa ɗaya ce: a nemi a maido shi.

A nan akwai kuskure, kuma ya kamata ma'aikatan da abin ya shafa su gane shi tun da wuri. Gadon sarautar Abome ganima ne, an ɗauke shi da bakin bindiga. Hoton Magemma kuwa ba a ɗauke shi daga ɗakin kowa ba. Takardar ta mai zane ce, allin nasa ne, hannun nasa ne. Fuskar ce kawai ta Maraɗi. Babu wata doka, ta gida ko ta duniya, da za ta tilasta wa wanda ke riƙe da shi ya bayar. Ayyukan Yakoblef sun warwatsu: wasu na gidajen tarihi, wasu na hannun magadan waɗanda suka yi tafiyar, wasu kuma an yi gwanjonsu, masu tara kayan zane suka saye da tsada, cikinsu har da attajiran Rasha. Saboda haka hanya biyu ce kawai ta rage, ko saye ko aro. Saye ya fi ƙarfin aljihun ma'aikatar al'adu. Saura aro.

Bahaushe ya san bambancin aro da rance. Wanda ya ranci hatsi, wani hatsin zai biya. Wanda ya ari doki kuwa, wannan dokin zai maida, da ƙafafunsa huɗu lafiya, ran da aka yi alkawari. Dukan ƙa'idodin da gidajen tarihi na duniya suka shimfiɗa, in an tattara su, bayanin wannan ne kawai.

An riga an ga yadda aro ke warware abin da gardama ta kasa. Dokar Ingila ta 1963 ta hana babban gidan tarihinsu, British Museum, ya rabu da kayan da ke hannunsa. Duk da haka cikin 2024 shi da gidan Victoria and Albert suka ba da aron kayan zinariya da azurfa guda 32 na sarautar Asante, waɗanda aka kwashi da yawansu daga Kumasi a yaƙin 1874. Aron na shekara uku ne, ana iya ƙara uku. Ba da gwamnatin Gana aka ƙulla shi ba, da fadar Asantehene Otumfuo Osei Tutu na biyu aka ƙulla, aka kuma buɗe nunin a gidan tarihi na fadar Manhyia cikin Mayu 2024. Wasu mutanen Gana sun ji ɗacin abin, sun ce yaya za a ara wa mutum kayansa, kuma suna da gaskiya, domin wanda ya sa hannu bisa takardar aro ya yarda ke nan cewa kayan na wani ne. Najeriya ta bi wata hanya game da kayan tagulla na birnin Benin: cikin 2022 Jamus ta miƙa mata mallakar fiye da dubu ɗaya, sa'an nan wasu suka zauna a gidajen tarihin Jamus a matsayin aro daga Najeriya. Wannan ɗaci bai shafi hotunan hannu ba. A nan ba wanda zai ce an ara masa abinsa, saboda haka ba abin kunya a sa hannu.

Misalin da ya fi kusa shi ne na hoton Ayuba Sulaimanu Jallo, Bafulatani malami daga ƙasar Bundu cikin Senegal ta yau. An kama shi bawa, aka kai shi Amurka gonar taba, ya samu ƴanci, ya biyo ta Ingila cikin 1733, inda wani mai zane, William Hoare, ya zana shi da rawani da Alƙur'ani rataye a ƙirji, kamin ya koma gida cikin 1734. Cikin Disamba 2009 aka yi gwanjon hoton a Landan, hukumar gidajen tarihi ta ƙasar Katar ta saye. Gwamnatin Ingila ta dakatar da fitar da shi, gidan hotunan mutane na Landan, National Portrait Gallery, ya shiga neman fam dubu 554 da ɗoriya don ya fanshe shi, kuɗin da ya haura miliyan 400 na sefa a lokacin. A ƙarshe aka daidaita cikin Janairu 2011: hoton ya zauna mallakar Katar, aka ba Landan aronsa na shekara biyar. Ingila ta samu gani, Katar ta riƙe mallaka. Senegal, ƙasar mai fuskar, ba ta cikin cinikin.

Abin da mai kaya ke tambaya

Neman aro ba ya farawa da jawabi, da wasiƙa yake farawa. Shugaban gidan tarihin da ke nema shi ke rubuta wa takwaransa, ya faɗi abin da yake so da lambarsa, da dalilin nunin, da ranar buɗewa da ta rufewa. Manyan gidaje ba sa duba buƙatar da ba ta iso wata shida ko shekara guda kamin lokaci ba, wasu ma sun fi son fiye da haka. Wannan kaɗai ya isa ya gwada halin aikin biro, inda aka saba tuna biki saura mako uku.

Bayan wasiƙa sai mai kaya ya aiko da tambayoyi game da ɗakin da za a rataya hoton. Da me aka gina shi, ƙofa nawa gare shi, wa ke riƙe mabuɗi, mai gadi nawa ke kwana, ina abin kashe gobara, me ke faruwa in kuran ya ɗauke. Tambaya mafi wuya ita ce ta iska. Takarda tana shan danshi ta kumbura, ta bushe ta ƙanƙance, kuma alli ba manne yake da ita ba kamar fenti, kwance yake bisanta kamar ƙura, girgiza kaɗan sai ya zube. Don haka ake neman zafin ɗaki ya tsaya wajen digiri 20, danshin iska wajen kashi 50 cikin ɗari, dare da rana, ba hawa ba sauka. Haske kuma kada ya wuce 50 a ma'aunin da ake kira luks, wato haske mai laushi kamar na ɗakin da aka saki labule, domin haske na cin launi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Galibi ba a barin zanen takarda ya wuce wata uku a waje, daga nan sai a maida shi duhu ya huta shekaru.

To, mai karatu ya auna wannan da yanayin jahar Maraɗi. Cikin bazara zafi na haura digiri 40. Cikin hunturu iska na bushewa har danshinta ya sauka ƙasa da kashi 20, ga ƙura mai shiga ko'ina. Cikin Agusta kuma littafi na yin laushi cikin akwati. Ga gara. Na'urar sanyaya ɗaki ita kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da ta daidaita danshi, da injin kuran na ko-ta-kwana, da ɗan ma'aunin da ke rubuta zafi da danshi ko wace sa'a. Mai kaya yakan nemi ya ga wannan rubutun na watanni da dama kamin ya amsa, don ba alkawari yake so ba, shaida yake so.

Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda jama'a ke kira Muze, an buɗe shi cikin 1959, an kuma sa masa sunan Bubu Hama cikin 2008. Abin alfahari ne, da ɗakunan tufafi da kayan kiɗa, da ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, da itacen Tenere, da rumfunan masu sana'a. Amma an tsara shi ne don jama'a su yi yawo cikin fili daga wannan ɗaki zuwa wancan. Zanen alli bisa takarda wani irin baƙo ne, ɗaki nasa na musamman yake bukata. Ba sai babba ba. Ɗaki ɗaya mai kaurin bango, marar taga, mai ƙofa biyu a jere don tare ƙura, ya isa ya karɓi hoto goma ko goma sha biyar. Gina irinsa bai kai kuɗin wasu bukukuwan da ake mantawa da su bayan mako guda ba.

Sai zancen kuɗi. Mai nema shi ke biyan kome: akwatin da aka ƙera daidai girman hoton, jirgin sama, mota mai sanyi, ma'aikatan duwan, da masauki da guzurin ɗan rakiya, wato ma'aikacin da mai kaya ke haɗowa da kayansa, wanda ba a buɗe akwati sai gabansa. In akwatin ya iso, a kan bar shi rufe kwana ɗaya don ya saba da iskar ɗakin. Sa'an nan a buɗe, a duba hoton lungu-lungu, a rubuta duk tabo da tsagar da ke jikinsa, ɓangarorin biyu su sa hannu. Ran komawa ma haka. Kamar dai yadda ake duba haƙora da kofaton dabba gaban shaidu kamin a ba da ita kiwo. Inshora kuwa, wadda direbobi suka fi sani da asurans, ana yin ta ne bisa ƙa'idar da Faransawa ke kira daga ƙusa zuwa ƙusa: tun daga sa'ar da aka sauke hoton daga bangonsa har sa'ar da aka maida shi. Ana yanke kuɗinta bisa darajar da mai kaya ya faɗa, da kuma haɗarin hanya. Wasu ƙasashe, kamar Ingila tun 1980 da Faransa tun 1993, sun rage wa gidajen tarihinsu wannan nauyi, gwamnati ce ke tsayawa lamuni maimakon kamfani.

Akwai kuma takarda ɗaya da ba a sayen ta da kuɗi. Mai kaya na tsoron kada hoton ya iso, sa'an nan wani ya kai ƙara, ko hukuma ta ce abin nan na kakanninmu ne, ba zai koma ba. Shi ya sa Amurka tun 1965, Faransa tun 1994, Ingila tun 2007 suka yi dokar hana kama kayan aro. Duk wanda zai aiko da hoto Yamai zai nemi irin wannan tabbaci a rubuce, da hannun hukuma. Kuma in aka karya alkawari sau ɗaya, labari zai kai ko'ina, don masu wannan sana'a ba su da yawa, kuma duk sun san juna.

Ba za a ɓoye ba, lokacin bai da sauƙi. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, sojojin Faransa sun fita daga ƙasar cikin Disamba na wannan shekara, an rufe ofishin jakadancin Faransa na Yamai cikin Janairu 2024, cibiyar al'adun da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kanta kuma aka sake mata suna zuwa na Mustafa Alasan cikin Oktoba 2024. Hanyoyin da irin wannan wasiƙa ta saba bi sun toshe ke nan. Sai dai ba duka hotunan ke hannun gwamnatin Faransa ba, kuma aikin share fage, wato gano inda ko wane hoto yake da gyaran ɗaki da tara shaidar ma'auni, yana cin shekaru, ba ya kuma jiran izinin kowa.

Nijar ma ta ba da aro

Wanda ya ce Nijar ba ta san wannan harka ba bai bi tarihi ba. Cikin 1983 malam Bube Gado na cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta jami'ar Yamai ya haƙa wata tsohuwar maƙabarta a Bura, wajen Tera, ya fito da tukwane da siffofin yumɓu, cikinsu har da mahayin dokin nan da ya yi suna. Kayan Bura sun shiga babban nunin da aka kira Vallées du Niger, wanda aka buɗe a Paris cikin 1993, ya kuma zagaya biranen Afirka ta yamma, har Yamai. Cikin Janairu 2020 mahayin Bura ya sake tafiya, wannan karo zuwa gidan tarihi na Metropolitan a birnin Niyok, don nunin tarihin Sahel. Wato Nijar na da abin da manyan gidaje ke so. A wannan sana'a kuwa ba roƙo ke sa a ba da aro ba, ban gishiri in ba ka manda ne. Ran da aka sake zuwa neman mahayin Bura, ya kamata a tarar da jerin abin da Nijar ke so a madadinsa yana ajiye cikin aljihun tebur.

Wannan labari na da wutsiya mai ɗaci. Bayan da nunin 1993 ya sa duniya ta san kayan Bura, sai farashinsu ya tashi, masu haƙar sata suka far wa maƙabartun, har majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a shekara ta 2000. Dokar ƙasa mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997, wadda ke kare kayan gado, ta zo ne cikin wannan hali. Nuni na jawo mai kallo, yana kuma jawo dillali. Duk wanda zai fito da tsofaffin hotunan fada fili, sai ya rubuta su ya ƙidaya tukuna.

Abin da ba a samu a Paris

Akwai wani abu da Nijar ke riƙe da shi wanda ya fi mahayin Bura amfani a wannan ciniki, ga shi kuma yana ƙarewa kullum. Shi ne sanin waɗanda ke cikin hotunan. Yakoblef bai ji Hausa ba. Sunayen da ke ƙarƙashin zanensa daga bakin tafinta suka fito, suka bi ta kunnen Bature, suka faɗa rubutun Faransanci. Haka Barma Mustafa ya koma Barma-Mata. Magemma kuwa, suna ne ko sarauta, wane gida ne, su wa ya bari, ba a Paris za a warware wannan ba. A fadar Sarkin Katsina na Maraɗi za a warware shi, ko wajen makaɗan fada masu riƙe da kirarin bayin sarki da jarumawa, ko wajen wata tsohuwa da za ta dubi tsagar fuska da naɗin rawani ta ce wannan ɗan gidan wane ne. Mai zanen yana da ido, ya fitar da tsaga da laya da ɗinkin riga yadda suke. Wanda ya gan su bai iya karanta su ba, masu iya karantawa kuma ba su gan su ba. Gidan tarihin da ke riƙe da hoton mutum marar cikakken suna ya san kayansa na da giɓi, kuma zai saurari wanda ya zo da abin cike shi.

Don haka ya fi kyau a juya tsarin, a fara da kwafi. Mai zanen ya rasu fiye da shekara saba'in, hakkin mallakar zanensa ya faɗi, abin da ya rage shi ne a samu hoto mai kyau daga kundin 1927 ko daga masu riƙe da asalin. Kwafi ba ya tsoron hunturu, ba ya bukatar ɗan rakiya, in ya yage a sake bugawa. Ana iya kafa shi a Maraɗi, a Tsibiri ƙofar fadar Sarkin Gobir, a Agye, a Gazawa da Gangara, cikin lakwal ko gidan matasa ko rumfa ranar kasuwa, da bayani cikin Hausa, harshen da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga zuwa harshen ƙasa. Waɗanda suka sauke karatun yaƙi da jahilci su ne suka dace da aikin zama kusa da hotunan da littafi da alƙalami, su rubuta abin da tsofaffi suka faɗa, da sunan wanda ya faɗa, da garinsu. Ana iya haɗawa da hoton Dorugu, yaron nan na ƙasar Kance wanda ya bi Bature Barth har Turai cikin 1855, aka buga kamanninsa cikin littafin tafiyar. Barth ɗin kansa ya yi zango a Gazawa cikin Janairu 1851, bisa hanyarsa daga Tasawa zuwa Katsina, ya kuma ba da labarin garin da shingensa na itace. Asalin hotunan kuwa, in Allah ya sa sun zo, a Yamai za su tsaya. Kilomita wajen 660 na hanyar mota zuwa Maraɗi ba abin da za a ɗora wa zanen alli ba ne, kuma faɗa wa jama'a haka tun farko ya fi yi musu alkawarin da ba za a cika ba.

Sa'an nan akwai aro na cikin gida, wanda shi ne gwaji na gaskiya. A zaurukan sarakunan kanto da gidajen tsofaffin ma'aikata da tsofaffin soja da alhazan Maraɗi akwai hotunan injin na kakanni, wasu cikin gilashi, wasu cikin adaka ƙarƙashin tufafi. Masu su ba sa son bayarwa, kuma ba rowa ba ce. Ko wane gari da labarin wani mai bincike ko wani ma'aikaci da ya karɓi hoto ko takarda ya ce gobe zai maido, har yau shiru. Abin da gidan tarihin Turai ke nema daga Nijar, shi ne daidai abin da tsohon Gazawa ya kamata ya samu daga ma'aikacin al'adu: takarda mai kwafi biyu cikin harshen da yake karantawa, bayanin halin da hoton ke ciki ran da aka karɓa, ranar maidowa, sunan wanda zai amsa in ya ɓata, da sunan gidan a rubuce ƙarƙashin hoton. In ya ƙi duk da haka, a ɗauki hoton hoton nan gabansa, a bar masa abinsa. Hukumar da ta iya maida hoto talatin ga gidaje talatin ran da ta faɗa, ta samu shaidar da za ta haɗa da wasiƙarta ta waje.

Wasu malamai ba sa son hoton abu mai rai, kuma ba daidai ba ne a yi kamar ba a san da haka ba. Sai a je a same su tun kamin a kafa kome, a yi musu bayanin manufa, a kuma nisanci masallaci da makarantar allo wajen zaɓen wuri. Haka nan hotunan matan fada, irin waɗanda aka ɗauka a Tasawa, bai kamata a kafa su ba sai da yardar gidan. Wannan damuwa ba sabuwa ba ce. Wanda ya rubuta labarin Ayuba Sulaimanu cikin 1734 ya ce da ƙyar aka shawo kansa ya zauna a zana shi, sai da abokansa suka tabbatar masa ba bauta wa hoton za su yi ba, don tunawa da shi kawai suke so. Da ya yarda, sai ya kafa nasa sharaɗi: ba za a zana shi da kayan Turawa ba, sai da tufafin ƙasarsu. Mai zanen bai taɓa ganin irinsu ba, sai da Ayuba ya kwatanta masa da baki.